Daga Balarabe Musa zuwa Dikko Raɗɗa: Tarihin Zaɓen Wake da Shinkafa a Arewa

A ranar 25 ga Fabrairu 2023, Katsinawa suka ba Atiku Abubakar na PDP rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa, a mahaifar Buhari, yana kan mulki. Bayan mako uku suka koma rumfunan nan suka ɗora Dikko Raɗɗa na APC kan kujerar gwamna. A Zamfara akasin haka aka yi: Tinubu ya ci jihar, amma Dauda Lawal na PDP ya kayar da gwamna mai ci, Bello Matawalle. 'Yan jam'iyya suka ce zagon ƙasa ne, wasu masu sharhi suka ce talaka bai san abin da yake so ba. Tarihin abin bai goyi bayansu ba.

A Jamhuriya ta Farko babu ma damar yin irin wannan zaɓe na wake da shinkafa, wato raba ƙuri'a tsakanin jam'iyyu. Mutum ɗan majalisa kawai yake zaɓa, ya shiga bayan labule ya jefa takardarsa cikin akwatin da ke ɗauke da fartanyar NPC ko tauraron NEPU. Jam'iyyar da ta fi kujeru ita ke fitar da Firimiya. Mata kuwa a Arewa ba su da ƙuri'a sam.

Tsarin mulkin 1979 ne ya buɗe ƙofar. Ya raba kujerar gwamna da ta majalisa, aka kuma yi zaɓuka biyar a ranaku daban-daban tsakanin Yuli da Agusta. Nan take tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina, ta nuna abin da wannan tsari zai iya haifarwa. A zaɓen majalisar jiha mai kujeru 99, jam'iyyar gida da masara, NPN, ta kwashe kusan kashi biyu cikin uku. Mako guda bayan haka mutanen nan suka juya wa ɗan takararta Lawal Kaita baya, suka zaɓi Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP mai alamar mabuɗi. Lissafin ba wuya gare shi ba. A mazaɓun majalisa, masu adawa da NPN sun watse tsakanin jam'iyyu huɗu, akasarinsu suka faɗi a garuruwansu. A zaɓen gwamna kuwa da yawansu sun haɗu kan mutum ɗaya. Ga kuma alkawarin da manomi da makiyayi suka daɗe suna jiran ji, na soke haraji da jangali. Sai dai wanda ke son a soke harajin, shi ne kuma ya tura ɗan gidan hakiminsu majalisa, don shi ya sani, shi zai iya tararwa a zaure in matsala ta taso.

Abin ya zo da tsada. Majalisa ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da gwamna ya aika mata, jiha ta zauna kusan shekara biyu babu majalisar zartarwa, har aka tsige shi a ranar 23 ga Yuni 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin.

Kano ma ta yi nata. Rikicin cikin gida na SDP ya ba Kabiru Gaya na NRC gwamna a 1991, amma a 1993 Kanawa suka fifita Abiola na SDP a kan ɗansu Bashir Tofa.

Da Buhari ya shigo siyasa, sai kiran "sak" ya cika gari: a dangwala wa jam'iyyarsa daga sama har ƙasa. A 2011 jama'a suka amsa rabin kiran. Ya lashe jihohi 12, amma jam'iyyarsa CPC ba ta samu gwamna ko ɗaya a cikinsu ba. Kujerar da ta samu tilo a Nasarawa take, jihar da Jonathan ya ci. A Kano ya samu ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da rabi, bayan kwana goma kuma Kwankwaso na PDP ya koma gidan gwamnati, CPC na can tana shari'a tsakanin Mohammed Abacha da Lawal Ja'afaru Isa kan wane ne ɗan takara. A 2015 ne guguwar ta tafi da kusan kowa, kuma mutane da yawa suka wayi gari da wakilan da ko sunansu ba su sani ba. Daga nan maganar cancanta ta yi ƙarfi, har mutanen Bauchi a 2019 suka zaɓi Buhari suka kuma kori gwamnan jam'iyyarsa, suka kawo Bala Mohammed.

Ba a nan kaɗai ake yi ba. A Amurka, inda ake kawo dokar jiha gaban jama'a su kaɗa mata ƙuri'a kai tsaye, mutanen Fulorida a 2020 sun zaɓi Trump, a rana ɗaya kuma suka amince da ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa, abin da manyan jam'iyyarsa ba su so. Mu ba a tambayarmu ra'ayi kan doka ko farashin mai. Fuskokin 'yan takara kawai ake ba mu, don haka duk saƙon da talaka zai aika, a kansu yake rarraba shi.

Ba kowane sauyi ne hukuncin zuciya ba, dole a faɗa. A Katsina ta 2023 ƙuri'un PDP kusan ba su motsa ba tsakanin zaɓukan biyu. Na APC ne suka ƙaru da fiye da 300,000, bayan ƙuncin canjin kuɗi ya fara sassautawa kuma 'yan siyasar jiha sun fito neman tsira da kujerunsu. Akwai taliya da atamfa a cikin lissafin. Amma kuɗi ba su hana a kayar da Kwankwaso a 2003 ko Matawalle a 2023 ba, alhali baitulmali na hannunsu. Jam'iyyar da ta tsayar da ɗan takarar da jama'a ba sa so, ta dogara da farin jinin na sama, ita ce ta kasa fahimtar masu zaɓe, kuma tun 1979 suke gaya mata haka.