Tarihin Dausayin Baturiya A Taƙaice

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, dausayin Baturiya yana ƙasar Haɗeja, mahaifar marubucin waƙoƙin nan, marigayi Mu'azu Haɗeja. Tun kaka da kakanni ambaliyar Kogin Haɗeja ke rayar da shi: masunta su sami kifi, manoma shinkafa, Fulani makiyaya, tsuntsayen Turai kuma mafakar hunturu.

Da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai ambaliya ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. A 2008 yarjejeniyar Ramsar ta sa wurin cikin muhimman dausayoyin duniya.

To, amma takarda ba ta shayar da fadama. Mu kai ɗalibai su gani, mu kuma roƙi hukuma ta riƙa sakin ruwa a kan kari.