2.4 Fitar Fursuna Ba Tare da Ganduroba Ba a Ƙasar Kazaure

Wannan sashe zai duba yadda ake barin fursuna ya fita daga gidan yari na ɗan lokaci ba tare da mai tsaro ba, da kuma abin da hakan ke jawowa ga zaman lafiyar jama'a.

A zamanin En'e, Kazaure tana cikin Lardin Kano. Gidan yari yana hannun Sarki, Yari ne ke kula da shi. Fursunoni kan fita gyaran hanya da shara da ɗebo ruwa, ganduroba na biye da su, amma wanda aka ga natsuwarsa akan aike shi shi kaɗai. Dalilin wannan amincewa kuwa shi ne, mutumin Yankwashi ko Roni ko Gwiwa ba ɓoyayye ba ne. Mai unguwa ya san gidansu, dagaci ya san gonarsa, hakimi kuma shi Sarki zai tuhuma in ya tsere. Ke nan tsaronsa yana wuyan garinsu duka.

Gwamnati ma ta gwada irin wannan amana a 1953, lokacin da ta buɗe sansanin fursunoni na Kakuri a Kaduna, inda masu kyakkyawan hali ke noma da sana'a cikin sassauci.

Al'amura sun sauya a 1968 da Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e, sannan Doka ta 9 ta 1972 ta tabbatar da tsari guda a ƙasa baki ɗaya. An rage wa sarakuna ikon ɗaure abokan hamayya, wanda ci gaba ne. Sai dai igiyar da ta haɗa fursuna da dagacinsa ta tsinke, domin ana iya kai shi nesa da gida, hannun ma'aikacin da bai san asalinsa ba.

Dokar 2019, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, ta tanadi sakin fursuna bisa sharaɗi da yi wa al'umma aiki maimakon ɗauri. A yanki kamar Yankwashi, wanda bai da nisa da iyakar Nijar, tarihin nan yana nuna cewa takardar izini kaɗai ba za ta kare jama'a ba, sai an sami wanda ya san mutumin, ya kuma yarda ya tsaya masa.