Ringin Fistan: Tarihinsa da Motsinsa a Cikin Inji

Ringin fistan zobe ne na ƙarfe mai tsaga guda, wanda ake sakawa a kwarmin da ke kewaye da fistan, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silindar inji, domin ya toshe 'yar tazarar da ke tsakanin fistan da bangon silinda. A injunan tururi na farko da igiya mai maiƙo ake toshe wannan tazara, har zuwa 1852 lokacin da John Ramsbottom, injiniyan jirgin ƙasa a Ingila, ya ƙera zoben da ya ɗan fi silinda faɗi, wanda idan aka matse shi aka cusa, sai ya riƙa dannar bango da ƙarfin kansa. Injin mai bugu huɗu da Nikolaus Otto ya fito da shi a Jamus a 1876 ya gaji wannan dabara.

Galibin injunan fetur suna da ringi uku a kowane fistan, biyu na sama suna tsare ƙarfin ƙonuwa, na ƙasa kuma yana share baƙin mai daga bango. Ringi ba ya zama wuri guda, domin yana ɗagawa da sauka tsakanin rufin kwarminsa da ƙasansa a kowane bugu, yana kuma juyawa sannu a hankali, yayin da iskar ƙonuwa ke kutsawa bayansa tana ƙara manna shi da bango. Don hana iskar ƙonuwa tserewa ne kanikawa ke karkasa tsagogin ringin uku lokacin ɗaurawa, kada su hau layi ɗaya.

A yankin Kura da Bunkure na Jihar Kano, muhimmancin ringi ya bayyana bayan kammala madatsar Tiga a 1974, wadda Gwamna Audu Bako ya gina don shayar da shirin noman rani na Kogin Kano. Ruwan shirin gangarowa yake yi ta magudanai, amma manoman da gonakinsu ke wajen magudanan sun dogara ga ƙananan injunan ban ruwa, waɗanda suka yaɗu tun daga shekarun 1980. Ƙurar hunturu, wadda ke zuwa daidai lokacin alkama da tumatur, ita ce babbar abokiyar gabar ringi, musamman inda aka yi sakaci da matatar iska, domin takan cakuɗe da baƙin mai ta riƙa cin ƙarfen. Idan ringi ya cinye, inji yakan fitar da shuɗin hayaƙi, ya sha baƙin mai, ya yi wuyar tashi, ruwan da yake turowa kuma ya ragu a daidai lokacin da shuka ta fi bukatarsa.