Tafinta da Malami: Koyon Harsunan Waje da Adabi a Damagaram

A wannan ƴar maƙala muna so mu duba yadda aka koyi harsunan waje a Damagaram, da kuma matsayin da adabi ya samu cikin wannan koyo. A wasu ƙananan kwalejojin Amurka ɗalibi yakan haɗa nazarin harshe da na adabi da tarihi a tsari guda, ba don wata sana'a takamaimai ba. A ganinmu, abin da ya fi kusa da wannan a Zinder shi ne karatun zaure, wanda ya girmi lakwal nesa ba kusa ba.

Fadar Damagaram a ƙarni na 19 fada ce mai harsuna da yawa. Gidan sarauta yana da tushen Barebari, kasuwa tana magana da Hausa, ayarin Abzin na zuwa da Buzanci, wasiƙun sarki kuwa da Larabci ake rubuta su, musamman zamanin Tanimun (1854-1884) da ciniki da Tarabulus ya bunƙasa. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun ilmi ba a nahawu da fiƙihu kaɗai yake tsayawa ba. Yana karanta Ishiriniya da Muƙamatul Hariri da waƙoƙin Jahiliyya, malam na fassara masa kalma bayan kalma da Hausa ko Barbarci. Wato baƙon harshe yana shiga kunnensa tare da adabinsa, harshen gida kuma yana ƙara kaifi saboda aikin fassarar.

Haɗuwa da harsunan Turai ta bi wata hanya dabam. Dorugu, yaron da aka kama bawa a ƙasar Damagaram, ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, ya koyi Ingilishi, ya kuma ba J. F. Schön labarai da tatsuniyoyin da suka fito cikin Magana Hausa a 1885. Sunan Schön ne a bangon littafin. Haka ma Landeroin, hafsan tafinta na tawagar Tilho (1906-1909), ya tattara tatsuniyoyi ya buga nahawu da ƙamus na Hausa tare da Tilho. A nan adabin Hausa kayan aiki ne ga Bature mai son sanin waɗanda zai mulka.

Bayan Faransawa sun ci Zinder a 1899, lakwal ta zo da buƙatarta: tafinta da akawu da mai koyarwa. Faransancin da aka ba yara na umarni ne da lissafi da rubuta takardar ofis. Wanda ya yi fice aka tura shi makarantar William Ponty a Senegal. Tafinta ya samu iko mai yawa, tun da ta bakinsa kwamanda yake jin talakawa, amma ikon na aro ne, kuma mutanen Birni ba su taɓa ɗora shi a sahun malamai ba. Mayar da babban birni Yamai a 1926 ya ƙara nisanta Zinder daga manyan makarantu.

Waɗanda suka sake ɗinke harshe da adabi ƴan wannan lakwal ɗin ne. André Salifou, haifaffen Zinder a 1942, ya rubuta tarihin masarautar a 1971, sa'an nan ya mayar da Tanimun wasan kwaikwayo da Faransanci. A 1973 aka buɗe a Zinder makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci. Jami'a kuwa sai 2010 garin ya samu, wadda daga baya aka sa mata sunan Salifou.

Kundin da gwamnati ta zartar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kalmar "aiki" ce take damun mu. In aka fahimce ta a ƙuntace, sassan harsuna za su koma horar da tafintoci ga ofisoshi da ƙungiyoyin agaji, a rage awoyin adabi da sunan ba ya kawo albashi. Ga shi kuma rubuce-rubucen Larabci da ajami suna nan a gidajen malamai na Birni da Zango, alhali tsarin karatun da muka gada bai tanadi ɗalibin da zai karanta su ya kuma karanta rahotannin kwamandoji na Faransanci a kan al'amari guda, kamar tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa a 1906.