Daga Layin Dogon Funtua Zuwa Cikin Kwamfuta

A 1929 aka kammala layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtua da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda. Auduga da gyaɗa ne suka jawo shi. Sai dai layin tilo ne: jirgi mai hawa da mai gangarowa duk a kansa suke bi. To, me zai hana su yin gaba da gaba?

Tun kafin nan Turawan Ingila sun samo dabarar irin wannan layi. Tsakanin kowace tasha da mai bi mata akwai sanda ko farantin ƙarfe, kuma direba ba ya shiga sai yana riƙe da shi. Wanda bai samu ba, ya jira. A 1878 Edward Tyer ya fito da na'urar lantarki mai sakin faranti ɗaya tak a lokaci guda. Ranar da aka miƙa wa direba farantin da ba na hanyarsa ba, a Abermule ta Birtaniya cikin 1921, jirage biyu suka yi karo, mutum 17 suka mutu.

Wannan matsala ce ta sake ɓullowa a kwamfuta. Manhaja takan raba aikinta gida-gida, kowane kashi masana na kiransa zare, kalmar da ba baƙuwa ba ce a garin auduga. Idan zare biyu suka faɗa wa asusu ɗaya tare, kowanne ya ga naira dubu goma, kowanne ya cire, lissafi ya rikice. A shekarun 1960 Edsger Dijkstra, masani ɗan Holand, ya kawo maganin, har sunan alamar hannu ta layin dogo ya ara ya laƙaba masa.

Maganin wani irin kulle ne mai aiki kamar farantin direba. Da farko mai rubuta manhaja ne ke kullewa da buɗewa da hannunsa, in ya manta komai ya tsaya cik. Da Java, wani harshen rubuta manhaja, ta fito a 1995, sai ya zama kalma ɗaya, synchronized, a goshin aiki ta wadatar. Wasu harsunan ma sun sauƙaƙa kullen: C# ta zo a 2002 da alamomin da ake liƙa wa aiki, Python kuma ta kawo alamar @ a 2004.

Yau idan dillalin masara ya cire kuɗi wajen mai POS a kasuwar Funtua, daidai lokacin da wani ke turo masa daga Malumfashi, kulle irin wannan ne ke sa ɗaya ya dakata har ɗayan ya wuce.