Ɗumin Jiki da Hujjar Tarihi a Ƙololuwar Everest

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Wannan karin magana ce ke faɗo mini a rai duk lokacin da na dubi hoton Tenzing Norgay yana tsaye a ƙololuwar dutsen Everest, ya ɗaga gatarinsa na sarar ƙanƙara. Edmund Hillary ne ya ɗauki hoton ranar 29 ga Mayu, 1953, ranar da su biyun suka zama mutane na farko da aka tabbatar sun taka wurin. Kimanin minti 15 kacal suka yi a can. Da kyamarar ta ƙi aiki, da sun sauko da labari babu shaida.

Kyamarar 'yar ƙarama ce, ƙirar Kodak Retina, mai cin fim, kuma ba ta amfani da batir. Duk da haka sanyi bai ƙyale irinta ba. Man da aka shafa wa ƙarafanta yakan daskare, murfin da ke buɗewa haske ya shiga ya yi nauyi, fim kuma ya ƙage har ya tsinke idan aka naɗe shi da gaggawa. Herbert Ponting, mai ɗaukar hoton ayarin Kyaftin Scott a Antaktika a 1911, ya ɗanɗana kuɗarsa, domin wata rana harshensa ya manne da ƙarfen kyamararsa. Shi kuwa Hillary sai ya cusa tasa cikin rigarsa, ɗumin jikinsa ya tsare ta har ƙololuwa.

Daga shekarun 1970 aka yawaita ƙera kyamarorin fim masu dogaro da batir, sai matsalar ta sake kama. Sanyi yana rage kuzarin sinadaran da ke cikin batir, wutarsa ta yi rauni alhali bai ƙare ba. Da zarar ya ji ɗumi sai ya farfaɗo. Shi ya sa masu hawan duwatsu suka riƙa ɓoye batir a aljihun ciki, wasu kuma suka gwammace Nikon FM2 ta 1982, wadda ma'aunin haskenta kaɗai ke buƙatar batir.

A ganina, idan muna yabon na'urar da ta adana mana tarihi, kada mu manta da ƙirjin da ya ɗumama ta. Hillary kansa ba shi da hoto a ƙololuwar. Hoton abokinsa ne ya zama shaidarsu su biyu.