Wayar agogon injin moto: kula da ita da yadda ake canza ta

A gaban motoci masu ƙafa biyu da yawa akwai agogo biyu. Ɗaya na nuna gudu, wayarsa na fitowa daga tayar gaba. Ɗayan na nuna sau nawa injin ke juyawa a minti ɗaya, wayarsa kuma na fitowa daga jikin injin. Idan allurarsa ta tsaya kan 4, injin na juyi 4,000 a minti ke nan. Da wannan agogo makanike ke daidaita ralanti, wanda a injin 125 irin na Honda CG yake wajen juyi 1,400. Da shi kuma ɗan kabu-kabu ke gane ya kusa jan layi, inda injin ke wahala.

Wayar kashi biyu ce: kube na waje, da siririn ƙarfe mai juyawa a ciki. Ƙurar hunturu da rairayi kan busar da man cikinta. Daga nan sai allura ta fara rawa, a riƙa jin ƙara, a ƙarshe ƙarfen ya tsinke.

Kula da ita

A kwance ta daga ƙarƙashin agogo, a zaro ƙarfen ciki in yana zaruwa, a wanke da kalanzir, a shafa giris kaɗan. Kada a shafa wa kusan santimita 10 na sama, domin man na iya hawa cikin agogo ya lalata shi.

Canza ta

A kashe injin ya huce. A kwance wayar sama da ƙasa, a tafi da tsohuwar kasuwa don a gwada tsawo da bakunanta biyu. Wajen ɗaura sabuwa, a fara da ɓangaren injin, a juya ƙarfen har bakinsa ya zauna a gurbinsa. A bi da ita inda tsohuwar ta bi, ba lanƙwasa mai tsanani, nesa da bututun hayaƙi. A juya kan moto dama da hagu, a tabbatar ba ta ɗaurewa.

A duba ƴar robar da ke hana mai fita a bakin injin. Idan ta mutu, baƙin mai zai riƙa yoyo a hankali har ya ragu ba a sani ba, kuma gyaran injin da ya ƙone ya fi kuɗin waya nesa ba kusa ba.

Sababbin motoci da dama agogonsu na lantarki ne, ba su da wannan waya. Su, wayoyin wuta ake dubawa.